Shaidar ƙwarewa a ciwon gaɓɓai: a gwada likita a gaban marar lafiya

A ɗauki misalin wata mata 'yar shekara talatin da 'yan kai daga wani ƙauye a kusa da Getso, a ƙaramar hukumar Gwarzo. Wata takwas ke nan yatsunta da wuyan hannunta suna kumbura. Da asuba ba ta iya dunƙule hannu, alwala ma sai an zuba mata ruwa, kuma sai hantsi ya dubi ludayi gaɓɓan ke saki. A gida an ce sanyi ne. Ta sha saiwa, an yi mata ƙaho, mai kemis ya haɗa mata ƙwayoyi waɗanda suka kwantar da ciwon suka kuma kumbura mata fuska. Ranar da ta isa gaban likitan da ke koyon ƙwarewa a cututtukan gaɓɓai, abin da zai yi a minti goma sha biyar na farko shi zai nuna ko za ta ci gaba da tuƙa tuwo da hannunta, ko yatsun za su karkace har abada. Waɗannan mintoci su ya kamata su zama ma'aunin ƙwarewarsa, amma su ne aka fi ƙarancin gani yayin da ake tantance shi.

Hanyar zama ƙwararre a Najeriya sananniya ce. Likita yana bi ta Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, NPMCN, wadda aka kafa a 1979, ko ta Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma, WACP, wadda aka kafa a 1976. Yana cin jarrabawar share fage, ya yi shekaru a sashen cututtukan ciki na asibiti irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ya ci Kashi na Ɗaya, sannan ya zaɓi fanni, ya rubuta kundin bincike, ya fuskanci Kashi na Biyu. Babu mai cewa hanyar tana da sauƙi. Ta fitar da likitoci na gari, kuma mutane irin Farfesa Olufemi Adelowo na Legas sun yi shekaru suna raya fannin gaɓɓai a lokacin da ake ɗaukar cututtukan a matsayin na Turawa. Matsalar ita ce, wahalar jarrabawa daban, dacewarta da aikin da ake jira daban.

A 1990 masanin ilimin likitanci George Miller na Amurka ya kasa ƙwarewa hawa huɗu: likita ya sani, ya san yadda ake yi, ya nuna yadda ake yi, sannan ya aikata a bakin aiki. Jarrabawar takarda tana auna hawa biyu na ƙasa. Jarrabawar tasha-tasha da ake kira OSCE, wadda Ronald Harden da abokan aikinsa suka gabatar a Dundee ta Sikotilan a 1975, tana auna hawa na uku, kuma shigowar irinta ci gaba ne a kan tsohon salo, inda makomar ɗalibi kan rataya a kan marar lafiya guda da fushin mai jarrabawa guda. Amma hawa na huɗu ba ya shiga zaure. Wanda ya yi wata uku yana bitar yadda ake duba hannu zai yi shi tsaf a gaban masu jarrabawa. Ko yana yin haka ranar Talata da azahar, da mutum arba'in a kan layi, wannan sai wanda ya tsaya a kansa ya gani.

Fannin gaɓɓai ya fi yawancin fannoni dogaro da kunne da yatsa. Ma'aunin DAS28, wanda ake bin tsananin amosanin gaɓɓai da shi, yana farawa ne da likita ya taɓa gaɓa 28 ya ƙirga masu zafi da masu kumburi. In yatsansa bai iya rarrabe kumburin fatar cikin gaɓa da kaurin ƙashi ba, lissafin ya tashi a banza. Gwajin jini kuma ba ya ceton wanda bai iya dubawa ba: akwai masu cutar da jininsu ba ya nuna alama, akwai kuma masu ciwon hanta ko tarin fuka da jininsu kan nuna alamar alhali ba su da cutar. A yankin da waɗannan cututtuka biyu suka yi yawa, likitan da ke bin takardar awo ido rufe zai ba mai lafiyayyun gaɓɓai magani mai ƙarfi, ya sallami mai ciwon gaske da farasitamol.

Ga kuma abin da marasa lafiyar Gwarzo da Kabo ke zuwa da shi. Saurayi mai sikila da ƙugunsa ke ciwo, ko kan ƙashin cinya ne ya mutu don rashin jini, ko ƙwayar cuta ce ta shiga. Manomi daga Garo mai ciwon baya da rama da zufar dare, wanda tarin fuka ke cin ƙashin bayansa. Yarinya mai zazzaɓi da ciwon da ke tsalle daga gwiwa zuwa idon sawu bayan ciwon maƙogwaro, wadda zuciyarta ce ke cikin haɗari. Gwiwa guda mai zafi da kumburi, wadda dole a zuƙo ruwanta da allura a ranar, domin mugunya na iya lalata gaɓa cikin 'yan kwanaki. Duk waɗannan suna shigowa da kalma ɗaya, sanyi, kuma aikin likita ne ya warware ta da Hausa: ya tambayi tsawon sanƙarewar safe, da ko zaman tahiya yana yiwuwa, da abin da aka saya a kemis. Jarrabawar da ake yi da Turanci ba ta jin wannan hira.

Hirar kuwa tana iya zama rai ko mutuwa. Methotrexate, ginshiƙin maganin amosanin gaɓɓai, sau ɗaya ake shan sa a mako. Wanda ya sha kullum na iya rasa ransa, kuma yana illa ga ɗan da ke ciki. Likitan da bai iya sa matar Getso ta maimaita masa da bakinta cewa ranar Juma'a kaɗai za ta sha ba, bai kuma san yadda zai buɗe zancen haihuwa da ita da mijinta cikin mutunci ba, bai ƙware ba, komai kyawun kundinsa.

Maganin ba sabo ba ne. Tun 1995 hukumar ƙwararrun cututtukan ciki ta Amurka ta gabatar da Mini-CEX: malami ya zauna minti goma sha biyar zuwa ashirin yana kallon ɗalibi da marar lafiya na gaske, ya ba shi maki, ya faɗa masa kuskurensa nan take. Abin da ya dace kwalejojin biyu su yi shi ne su mai da irin wannan kallo sharaɗi mai nauyi daidai da jarrabawar ƙarshe. Kada a sa hannu a littafin aikin ɗalibi a kan zuƙo ruwan gaɓa ko allurar gaɓa sai malami ya gani da idonsa. A auna bayanin magani da harshen marar lafiya. Kuma wani kaso na kallon ya gudana a asibiti irin Babban Asibitin Gwarzo, inda ɗalibi zai yanke shawara ba tare da jiran gwaji mai tsada daga birni ba.

Masu ja da wannan suna da hujja biyu. Ta farko, ƙwararrun gaɓɓai 'yan tsiraru ne, ina za a sami mai zaman kallo? Amma ƙarancin nasu ne ya sa kuskure ya fi tsada, domin wanda aka ba shaida yau shi zai koyar da na gobe, watakila shi kaɗai a jiha guda. Duban tafiya, hannu, ƙafa da ƙashin baya na tsarin GALS, wanda aka wallafa a 1992, kowane babban likitan cututtukan ciki ko na ƙashi zai iya tantance shi. Hujja ta biyu ita ce son kai da sanayya, malami ya ɗaga nasa ya danne wanda bai yi masa ba. Wannan haɗari ne na gaske, kuma abin da ke rage shi yawan malamai ne da yawan lokuta, ta yadda ra'ayin mutum ɗaya ba zai rinjayi hukunci ba. Binciken ilimin likitanci ya daɗe da nuna cewa ƙoƙarin ɗalibi a kan marar lafiya ɗaya ba ya hasko ƙoƙarinsa a kan na gaba, don haka kallo goma sha biyu a cikin shekara ya fi kallo guda adalci ga ɗalibin kansa.

Shaidar ƙwarewa alkawari ce da kwaleji ke ɗaukar wa wanda ba zai taɓa karanta ta ba. Matar da ta biya kuɗin mota daga Gwarzo zuwa Kano ba ta da hanyar sanin ko likitan ya iya, ta dogara ne da cewa wani ya riga ya duba. Kafin a buga hatimi, kwaleji ta iya faɗin sunan malamin da ya ga wannan likita yana riƙe da hannun marar lafiya, da ranar, da abin da ya gyara masa.