In za ka bar mai gida mai wuyar sha'ani

Ba ƙarancin albashi kaɗai ke raba ma'aikaci da aikinsa ba. Da yawa halin mai gida ne ke korarsu: tsawa a gaban na ƙasa da su, yabo nasa, laifi nasu. Ni ban ga aibin wanda tura ta kai shi bango ya nemi tafiya ba. Abin da nake ja da shi shi ne yadda wasu ke tafiyar, a wayi gari kawai ba a gan su ba, ko a rabu baran-baran bayan cacar baki.

Mai karatu, doka ta tsara wannan al'amari. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya ƙayyade wa'adin sanarwa: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 a bakin aiki ba, mako 1 ga wanda ya wuce haka amma bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, sai wata 1 ga mai shekara 5 ko fiye. Sanarwar mako ɗaya ko fiye dole ta kasance a rubuce. Sai dai dokar ta fi shafar leburori da akawuna. Manyan ma'aikata su duba takardar ɗaukarsu aiki, domin ita ce za ta yi magana idan aka je Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

A ganina, takardar ajiye aiki ba wurin huce haushi ba ce. Layi uku sun isa: ranar tafiya, godiya, da alƙawarin miƙa aiki. Wannan takarda za ta zauna a fayil bayan fushin ya wuce, kuma sau da yawa wannan mai gida ne sabon wurin aikinka zai tuntuɓa. Manyan garuruwanmu ma, a fagen sana'a, kowa ya san kowa.

Kafin ka buɗe baki, ka tabbata takardar sabon aiki tana hannunka. Ka miƙa mabuɗai, kwamfuta da duk kayan ofis a rubuce, wanda ya karɓa ya sa hannu, don mai neman laifinka ta nan zai fara. Kuɗin fansho kuwa, tun daga dokar 2004 asusun naka ne, yana bin ka duk inda ka koma. Abin da ya rage shi ne ka nemi bayanin asusun, ka ga ko an zuba abin da aka cire maka har watan ƙarshe.