Samanja bai yaudari kowa ba

Wani marubuci ya ce ƙirƙiro ɗan wasa a shirin rediyo yaudarar mai sauraro ce, kuma tana zubar da mutuncin gidan.

Yaudara? Wa ya taɓa zuwa bariki neman Samanja? Kowa ya san Usman Baba Pategi ne, tsohon soja, yake cakuɗa Hausa da Turancin bariki a Rediyon Kaduna a da. Sanin wasa ne ma ya sa ake dariya.

Mutuncin fa, ina ya zube? Abin da mai gabatarwa ke shakkar faɗa wa mai kaki, Samanja ya faɗe shi cikin raha, sojojin suna saurare.

Malam, in yaudara kake nema, duba mai maganin da ke sayen fili a rediyo yana ƙirƙiro "wadda ta warke" ta bugo waya.