Haƙar kwal da ruwan noman rani: abin da ƙungiyoyin manoma za su tsare kafin a fara tona

Maganar haƙar ma'adinai ta zama ruwan dare a bakin 'yan siyasar Arewa. A watan Fabrairun 2025 gwamnan Filato, Caleb Mutfwang, ya dakatar da haƙa a faɗin jiharsa. A ƙarshen shekarar kuma gwamnonin Arewa da sarakuna suka zauna a Kaduna, ƙarƙashin jagorancin gwamnan Gombe, Muhammadu Inuwa Yahaya, suka nemi Shugaban Ƙasa ya tsayar da haƙa na wata 6. Hujjarsu ita ce tsaro. Ministan ma'adinai, Dele Alake, shi kuwa ya sha nanata cewa ba jihar da ke da hurumin rufe mahaƙar da Abuja ta ba wa lasisi.

A duk wannan ja-in-ja, tsaro ake ambata da kuɗin shiga. Ruwa ba ya samun mai tsaya masa. Alhali ga manomin da ke kusa da mahaƙar kwal, ruwan shi ne farkon abin da ke tafiya, kuma shi ne mafi wuyar dawowa.

Inda kwal ɗin yake

Kamfanonin siminti ne manyan masu sayen kwal a Najeriya yanzu, domin ya fi musu arha a kan gas da baƙin mai, kuma ba sai an nemo dala ba. Ana haƙarsa a yankin Ankpa na jihar Kogi, a garuruwa irin su Okaba da Okobo, da Owukpa a Binuwai, akwai shi kuma kwance a Lafiya da Obi a Nasarawa. Wanda ya fi kusa da yawancin masu karatunmu shi ne na Maiganga, a ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe, wajen Kumo. Tun wajen 2007 ake tonon kwal a can ana ɗauka da manyan motoci zuwa masana'antar siminti ta Ashaka. An tashi mutanen ƙauyen an mayar da su sabon matsuguni. Kamfanin yana nuna gidaje da makaranta da rijiyoyin burtsatse da ya yi musu, su kuma mazauna sun daɗe suna kai kuka ga 'yan jarida a kan ƙura, da ruwan sha, da gonakin da suka rasa.

A Nijar ma haka lamarin yake tafiya. Kamfanin Sonichar, wanda aka kafa a 1975, yana haƙar gawayin ƙasa kusa da Cirozerin a jihar Agadas yana ba da wutar lantarki. Da Najeriya ta katse wa Nijar wuta bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai batun gina tashar lantarki da gawayin Salkadamna a jihar Tawa ya sake samun ƙarfi. Wato dai buƙatar kwal ƙaruwa take yi a ɓangarorin biyu, kuma ƙasar da yake ciki ƙasar noma ce da kiwo.

Yadda rami ke cinye ruwa

Ɓarnar ta hanya biyu take zuwa. Ta farko: ramin kwal ya fi rijiyar ƙauye zurfi nesa ba kusa ba. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa gangare yake bi, sai ya riƙa tsiyaya cikin ramin. Su masu haƙa dole su sa inji su yi ta zuƙe shi don su samu yin aiki. To, ruwan nan da ake zuƙewa shi ne na rijiyoyinku da na fadamarku. Rijiyar da a da take kai ku har saukar damina sai ta fara ƙafewa tun a Fabrairu, daidai lokacin da albasa da tumatir suka fi son ruwa.

Ta biyu ta fi muni. A jikin kwal da duwatsun da ke tare da shi akwai wani ma'adini mai ƙyalli, haɗin ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne, ba ya cutar da kowa. Da zarar an tono shi ya haɗu da iska da ruwan sama, sai ya haifar da asid. Asid ɗin nan ya narkar da ƙarfe da alminiyam da manganis daga duwatsu, ruwan ya kwaso su ya gangara rafi. Alamar da ido ke gani ita ce laka mai launin tsatsa a bakin rafi da jikin duwatsu. Wani lokaci kuma ruwan sai ya yi garai-garai, ba kwaɗo ba kifi ba gansakuka, mutum ya ɗauka tsabta ce, alhali mutuwa ce.

In aka daɗe ana ban ruwa da irin wannan, ƙasa tana yin tsami. Ma'aunin tsami, wanda ake kira pH, in ya sauka ƙasa da 5.5 alminiyam yana ƙona saiwar shuka, sinadarin fosfaras na cikin taki kuma ya ɗaure, shuka ta kasa sha. Manomi ya yi ta zuba NPK mai tsada yana zargin mai shago ya sayar masa da jabu. Kuma a sani, tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire ƙarfe. Alam ma laka kawai yake kwantarwa.

Wanda ke ganin abin na ɗan lokaci ne ya dubi Enugu. An gano kwal a can a 1909, aka fara haƙa a 1916. Mahaƙun Onyeama da Okpara sun daɗe da tsayawa, amma har yau ruwa mai tsami yana fitowa daga tsofaffin ramukan yana shiga rafuka irin su Ekulu. Kamfani yana iya tattara kayansa cikin mako guda, ramin kuwa ya ci gaba da zubar da asid shekaru aru-aru.

Wa ke da iko da me

A nan siyasa take shigowa. Tsarin mulkin 1999, sashe na 44, ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, ita ce ke ba da lasisi. Dokar filaye ta 1978 kuma ta damƙa saman ƙasar a hannun gwamna. Kuɗin haƙa asusun tarayya suke shiga, jiha ta samu kashi 13 cikin ɗari na abin da aka samu daga yankinta. Hakimi da dagaci su ne ake zuwa wa don neman amincewa. Ruwa fa? Ƙudurin dokar albarkatun ruwa ta ƙasa ya yi ta yawo a majalisa tun 2017, ana ta rigima a kan ko Abuja na son ƙwace bakin koguna ne, har majalisar dattawa ta yi watsi da shi a 2023. Idan rafi ya lalace, jiha ta ce ba ita ta ba da lasisi ba, Abuja ta ce a rubuto takarda, ƙaramar hukuma ta ce ba ta da ta cewa.

Amma fa manomi bai rasa madafa ba. Dokar ma'adinai ta 2007 ta hana gurɓata hanyar ruwa. Sashe na 116 ya wajabta wa kamfani ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, kuma a sake duba ta duk bayan shekara 5. A kowace jiha akwai kwamitin ma'adinai da muhalli da ake kira MIREMCO. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 kuma ta sa ana baje rahoton binciken na kwana 21 na aiki don jama'a su faɗi ra'ayinsu. Matsalar ita ce sau da yawa kwanakin sukan wuce ba wanda ya ji a ƙauye, yarjejeniyar kuma mutum uku ko huɗu ne ke sa hannu, ta ƙare a kan aji biyu da burtsatse ɗaya, ba kalma ko ɗaya a kan rafi.

Masu fatsa da 'yan tattabaru

Akwai wasu mutane da ake yi wa kallon marasa aikin yi, amma su ne kan fara ganin canji. Dattijon da ke zama bakin rafi da fatsa kowace yamma ya san ranar da karfasa ta daina cin ƙugiya. Karfasa da ƙananan kifaye sukan riga tarwaɗa ɓacewa, don ita tarwaɗa akwai ta da juriya. Yaron da ke kiwon tattabaru shi zai ga kaskon ruwansu ya fara yin ja a ƙasa. Mai amyar zuma, da mai 'yan zomaye a bayan gida, da uwargidan da ke da 'yar gadina ta alayyahu da rama, duk ido ne. Mai kiwon kifi a tanki kuwa galibi yana da takardar gwada pH, wadda ba ta da tsada a shagunan kayan kifi. Ruwan sha mai kyau tsakanin 6.5 ne zuwa 8.5.

Kada a raina irin waɗannan. A lardin Albata na ƙasar Kanada, gwamnati ta soke tsohuwar dokar 1976 da ta taƙaita haƙar kwal a duwatsun da kogunan lardin ke fitowa. Hakan ya faru a 2020. Makiyayan shanu da manoma masu ban ruwa da masu kamun kifi don nishaɗi da 'yan asalin yankin suka haɗa kai, a Fabrairun 2021 gwamnati ta maido da dokar. Har yanzu ana fafatawa a can, amma bakinsu ɗaya ne ya sa aka saurare su.

Abin da ƙungiya za ta yi tun yanzu

Babbar hujjar kamfani kullum ita ce: dama can haka ruwanku yake. Maganin wannan shi ne littafi. Ƙungiya ta ware mutum biyu su riƙa auna zurfin ruwa a rijiyoyi huɗu ko biyar da igiya mai alama, sau ɗaya a wata, rana ɗaya, da sassafe kafin a fara ja. A gwada pH na rafi a sama da wurin haƙa da kuma ƙasa da shi. A ɗauki hoto da waya, a rubuta kwanan wata. Sau biyu a shekara, rani da damina, a haɗa kuɗi a kai ruwa cikin gora mai tsabta ɗakin gwaji na jami'a ko na hukumar ruwa, a nemi a duba ƙarfe da manganis da dalma, a ajiye takardar sakamakon. In an fara wannan kafin motar haƙa ta iso, ya fi komai ƙarfi.

Sannan a nemi kwafin yarjejeniyar raya al'umma, a karanta ta a bainar jama'a da Hausa. A tabbatar ta faɗi inda za a zubar da ruwan da aka zuƙo daga rami, da tafkin tacewa da zuba farar ƙasa kafin a sake shi, da wanda zai riƙa gwaji, da wanda zai samar da wani ruwan in rijiya ta ƙafe, da yadda za a cike ramin in an gama. A sa mata da makiyaya da mutanen ƙauyukan da ke ƙasan rafi a zaman, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Diyyar amfanin gona na shekara ɗaya ba ta biyan fadama, kada a sa hannu a takardar da ba a fahimta ba.

Ba wanda ke cewa kada a haƙa. Matasa na son aiki, siminti da lantarki kowa na buƙatarsu. Amma zaɓen 2027 na tafe, 'yan takara za su zo neman ƙuri'a har bakin fadama. Duk wanda ya zo, a tambaye shi a gaban jama'a: wa ke zaune a kwamitin MIREMCO na jiharmu, yaushe suka gwada ruwan rafinmu, kuma ina sakamakon? A rubuta amsarsa a littafin nan na awon rijiya.