Madubi da Rana: Gobarar da Ba Ta Buƙatar Ashana

A gidaje da yawa na ƙasar Hausa akan kwaɓi yaro idan ya duba madubi da dare, wasu kuma sukan kife madubin ko su lulluɓe shi da zane da zarar hadari ya taso, don gudun kada ya jawo tsawa. Ilmin kimiyya bai gaskata ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Amma akwai lokacin da madubi yake da haɗari na haƙiƙa, wato sa'ad da hasken rana ya shigo ta taga ya sauka a kansa, alhali ɗakin babu kowa. Abin mamaki, wannan lokacin ne ba a kwaɓar kowa a kansa. Ya kamata a ce hanyar da rana ke bi ita ce abin farko da ake dubawa kafin a zaɓa wa madubi mazauni a cikin ɗaki, kuma makarantun sakandare su ne suka fi cancanta su kai wannan sani cikin gidaje.

Da farko, wajibi ne a rarrabe tsakanin madubai, domin ba duka ke tayar da wuta ba. Shafaffen madubi, irin wanda ake kafawa a bango ko a jikin kabad, yana mayar da haske ne kamar yadda ya zo masa, ba ya tara shi. Madubi mai doro, kamar na gefen mota, watsa hasken yake yi. Wanda ake tsoro shi ne madubi mai kwarmi, wanda fuskarsa ta lotsa ciki kamar tasa. Shi ne wanda ke ƙara wa fuska girma, mata na kwalliya da shi, maza na gyaran gemu. Sau da yawa yakan zo da fuska biyu, ɗaya shafaffiya, ɗaya mai kwarmi, don haka mai shi ba ya ma lura da bambancin. Duk hasken da ya faɗa a kan irin wannan madubi yakan taru a wuri guda a gabansa, wurin da ake kira matattarar haske.

Ɗan lissafi kaɗan zai nuna girman al'amarin. Idan sama ta yi garau, rana takan zubo ƙarfin da ya kai kimanin wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita. A ɗauka akwai madubi mai kwarmi wanda faɗinsa santimita 15 ne, matattararsa kuma tana nesa da shi da santimita 50. Ƙarfin da yake tarewa bai wuce wat 18 ba, abin da ba zai dami kowa ba. Sai dai madubin yakan dunƙule wannan ƙarfi a kan ɗigon da faɗinsa bai cika rabin santimita ba. Ke nan hasken da ke kan ɗigon ya ninka na fili kusan sau 1,000. Ko da an cire abin da gilashin taga da ƙura suka rage, saura ya isa ya ƙona takarda, wadda ke kamawa da wuta a wajen digiri 230 na ma'aunin santigireti. Idan labule ne ko katifar soso ko tarin tufafi suka dace da wurin ɗigon, sai su fara turnuƙewa a hankali, iska ta hura su, wuta ta tashi.

Wannan sani ba sabo ba ne. Tsohon labari ya ce Arkimidas ya ƙona jiragen ruwan Rumawa da madubai lokacin da suka yi wa birnin Sirakus ƙawanya wajen shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, ko da yake masana tarihi da yawa suna shakkar labarin. Abin da ba a shakka shi ne cewa wajen shekarar 984 Ibn Sahl, masanin lissafi a Bagadaza, ya wallafa littafi a kan madubai da gilasai masu ƙonawa, Ibn al-Haisam ma ya yi rubutu a kan batun bayansa. A shekarar 1747 Bufon, wani masani Bafaranshe, ya haɗa ƙananan shafaffun madubai 168, ya karkata haskensu wuri guda, ya kunna wa katako wuta daga nisan kimanin mita 50. Gwajinsa ya nuna cewa aikin da sai shafaffun madubai masu yawa sun taru suke yi, madubi mai kwarmi guda ɗaya yana yin irinsa a kusa. Tun daga 1936 kuma, da madubi mai kwarmi ake kunna wutar wasannin Olamfik a Olimfiya ta ƙasar Girka.

Idan masana na yin haka da gangan, a gidaje da tituna yakan faru bisa kuskure. A shekarar 2013, wani dogon bene da ake ginawa a Titin Fenchurch na birnin Landan, wanda bangonsa na gilashi ya lotsa ciki yana fuskantar kudu, ya tara hasken rana a kan titi har ya narkar da sassan wata mota ƙirar Jaguar da aka ajiye. Sai da aka kafa wa ginin makaran rana a 2014. A watan Fabrairu na 2015, a unguwar Twickenham ta wannan birni, kwalbar gilashi da aka bari a bakin taga ta haddasa gobarar da ta cinye ɗaki, ta kuma kashe karen gidan. A lokacin hukumar kashe gobara ta Landan ta bayyana cewa hasken rana ya jawo gobara 125 cikin shekaru biyar. Abin lura a nan shi ne Fabrairu tsakiyar sanyi ne a Ingila. Zafin gari ba shi ne sharaɗi ba. Abin da ake buƙata kawai shi ne haske ya sami hanyar shiga ɗaki. To, idan ranar Landan mai rauni ta iya wannan, ina ga ranar Kano ko Sakkwato ko Damagaram?

Mai karatu na iya cewa madubinsa ya shekara a wuri ɗaya ba abin da ya faru. Amsa ita ce rana ba ta bin hanya ɗaya duk shekara. A Kano, alal misali, cikin watan Yuni rana takan fito ta arewa maso gabas, ta ratsa ta arewa da tsakiyar sama. A Disamba kuwa takan fito ta kudu maso gabas, kuma ko da tsakar rana tana karkace wajen kudu, tsayinta bai wuce digiri 55 ba. Saboda haka tagar kudu da rana ba ta leƙa ta da damina, sai ga shi da hunturu haske yana shiga ta cikinta, daidai lokacin da komai ya bushe ƙayau. Tagogin gabas da na yamma kuwa, kullum da hantsi da la'asar rana na kutsawa ta cikinsu har ƙuryar ɗaki. Bugu da ƙari, ɗigon hasken yana tafiya yayin da rana ke tafiya. Wanda yake kan bango da ƙarfe takwas yana iya kasancewa kan labule da ƙarfe tara, bayan yara sun tafi makaranta, manya sun fita nema.

Ba madubi kaɗai ke da wannan hali ba. Gilashin ƙara girman rubutu, tabarau na karatu, kwalbar turare mai zagaye, gorar ruwa garai-garai, har da ledar ruwan sha, duk suna iya tara haske idan ya ratsa su. Kwanon ƙarfe mai ƙyalli kuwa madubi ne mai kwarmi, ko da ba a kira shi da wannan suna ba. Wanda ya san yadda ake jeren ɗakin amarya, da madubai da kwalabe da tasoshi kusa da labule da gado, ya san cewa maganar ba ta nesa ba ce.

Gaskiya ne cewa gobarar da ke tashi daga wayar lantarki, tukunyar gas, kyandir da ajiyar fetur ta fi wannan yawa nesa ba kusa ba, kuma ba daidai ba ne a firgita jama'a har su riƙa tsoron madubin bango. Amma ƙarancin abu ba hujjar sakaci ba ne, musamman idan maganinsa ba ya cin ko kwabo. Gyaran wayar gida na buƙatar kuɗi da gwani. Wannan kuwa abin da yake buƙata shi ne a ɗauke madubi mai ƙara girma daga bakin taga, a kife shi ko a sa shi cikin aljihun tebur bayan an gama amfani da shi, a nisanta kwalabe da tabarau daga inda rana ke sauka, a kuma saki labule kafin a fita. Madubin bango ma ya fi kyau a kafa shi inda rana ba ta dukansa kai tsaye, domin yana iya mayar da haskenta kan wani abu mai tarawa.

A nan ne nauyi ya hau kan malaman kimiyya. Darasin haske da madubai yana cikin manhajar sakandare, amma yawanci yakan ƙare ne a zanen allo da haddar ƙa'ida don jarrabawa. Da malami zai fitar da ɗalibai fili da madubi mai kwarmi, da takarda, da bokitin ruwa a gefe, ya gargaɗe su kada kowa ya dubi rana ko ya haska idon ɗan'uwansa, to hayaƙin da za su gani cikin ɗan lokaci zai zauna a zukatansu fiye da shafi goma na rubutu. Daga nan sai a ba kowane ɗalibi aikin gida: ya lura da inda rana ke sauka a ɗakunan gidansu da safe da yamma, ya rubuta abin da ya tarar a wurin, ya kuma sake dubawa idan yanayi ya juya.

Hausawa na cewa gobara daga kogi maganinta Allah, suna nufin masifar da ta zo ta inda ba a zata ba. Gobarar madubi ba irin wannan ba ce. An san dalilinta fiye da shekara dubu, ana iya lissafa ta da alli, kuma ɗalibin aji uku yana iya hana ta da hannu ɗaya kafin ya fita zuwa makaranta.