GIRMAN KAI RAWANIN TSIYA, KO DA INGILISHI AKA NAƊA SHI

Ya 'yan'uwa na Dantchiao, da Dungas, da Magariya, da sauran garuruwan kasuwa, ga magana a karanta a taron reshe.

Mu nan bakin iyaka muke. Tun da Faransa da Ingila suka kafa alamun iyaka tsakaninmu da Baɓura daga 1906 zuwa 1908, ɗan wannan gefe ya koyi Faransanci a lakwal, ɗan wancan gefe ya koyi Ingilishi, talaka kuwa yana durƙusa wa duka biyun. A 2025 doka ta ce Hausa ce harshen ƙasar Nijar, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Madalla. Abin da muke tsoro shi ne kada masu ɗaga kai da Faransanci jiya su koma ɗaga kai da Ingilishi gobe.

To, bari mu ji abin da Ingilishin kansa yake kiran irin wannan mutum. Yana ce masa haughty, asalinta kalmar Faransanci ce mai nufin sama. Mu muka ce ɗagawa. Yana ce masa vain, asalinta abin da ba kome a cikinsa. Mu muka ce fankama, fankam-fankam kuwa ba shi ne kilishi ba. Yana ce masa arrogant, wato mai ƙwato wa kansa matsayin da ba a ba shi ba. Mu muka ce nuna isa. Akwai big-headed, girman kai ke nan sak. Akwai cocky, mai tafiyar zakara. Mu muka ce taƙama. Ku lissafa, ba ɗaya da muka rasa. Har da ragowa: homa, alfahari, izza, jiji da kai, hura hanci.

Ku sani kuma ukun farko aro ne. Ingilishi ya karɓe su daga Faransanci bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, lokacin da manya ke Faransanci, Ingilishi kuwa harshen talakawa ne. Ashe shi ma ya ɗanɗani raini.

Gwano ba ya jin warin jikinsa, saboda haka mu 'yan lakwal da kanmu muke. Yara suna ce mana mushe don girmamawa. In muka raina iyayensu, harshe ya ɗan karkace kawai, sunan ya koma abin da ungulu ke ci.

Muna roƙon kowane reshe abu uku. Na ɗaya, a yi taro da Hausa, a rubuta shawara da Hausa. Na biyu, wanda manomi ya kawo wa takardar asibiti ko ta haraji, ya fassara masa ita duka, ba tsaki, ba harara. Na uku, mai ilmi ya zauna tabarma ɗaya da mai fartanya.

Ku koyi Ingilishi, yana da amfani a kasuwar Kano. Amma gyaɗa da gero ba da shi ake noma su ba.

Allah shi tsare mu da girman kai, amin.