Wa Ya Ce Yaranmu Ba Su Gane Zance?

Na gaji da jin malamai suna cewa ƴan lakwal ɗinmu ba su da tunani, wai ba su gane komi sai wanda aka rubuta ɓaro-ɓaro. Ƙarya ne. Yarinyar da kishiyar uwarta za ta ce “wasu dai sun iya barci”, nan take ta miƙe ta ɗauki tsintsiya, ita ce ba ta iya gano abin da ba a faɗa ba? Mu a fannin ilimin harshe sai mun kai jami'a ake karanta mana Paul Grice da bayaninsa na 1975 kan ma'anar da ke ɓoye bayan magana. Ɗiyan Maradi da Damagaram kuwa da habaici da kacici-kacici aka yaye su.

Lakwal ce ke kashe wannan baiwa. A ba yaro nassi da Faransanci, a ce: wa ya zo? ina ya tafi? Sai ya laluba layin da ya yi kama da tambayar, ya kwafe, a ba shi maki. Shekara shida yana haka. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cikin yara goma masu gama firamare a Nijar, ko ɗaya cikakke bai kai matakin karatu da fahimta ba.

Ga abin da nike so mushe ya gwada. Ya rubuta a allo da Hausa: “Hadiza ta dawo daga rijiya hannu wofi, zanenta jiƙe, ta tsaya bakin zaure.” Ya tambaya: mi ya faru? Hannuwa za su tashi: tulu ya fashe, tana tsoron faɗa. Daga nan aikin yake farawa: ta yaya ka sani? Taso ka nuna mana kalmar. Wanda ya ce aljani ta gani, shi ma ya nuna tasa. In babu, ya koyi bambancin hujja da shaci-faɗi.

Za a ce aji ya cika maƙil, littattafai babu. Haka ne. To amma wannan darasi alli kawai yake ci. Za a kuma ce jarrabawa da Faransanci ake yi. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Zinder, a 2025 kuma an ayyana Hausa harshen ƙasa, har yanzu muna jin kunyar tambayar yaro cikin harshen da yake tunani da shi. Gobe shi ne za a miƙa wa takardar bashi ya sa hannu, ko a turo masa saƙon WhatsApp mai zuga shi kan maƙwabcinsa, ba wanda ya taɓa koya masa tambayar mi mai rubutun ya ƙi faɗa.