Kunkurunmu Da Jan Murfi



Abokai sun tarar da ni a tsakar gida riƙe da sanda mai jan murfin gora a baki, kunkurunmu yana biye da ita. Wani ya ce na rasa aikin yi, wani ya ce asirin gardawa ne. To, babu asiri ko kaɗan. Nuna masa murfin nake yi, da ya taɓa da baki sai in miƙa masa ɗan yankan karas nan take. In ka yi jinkiri ba zai haɗa taɓawar da abincin ba. Minti biyar ya isa, kuma sai rana ta ɗumama shi, don da sanyin safiya ko kallon abinci ba ya yi.

Ni a ganina duk mai kunkuru a gida ya kamata ya koyi wannan. A da in za a matsar da namu, ɗaga shi yara ke yi sama, ya tsorata ya saki fitsari, alhali ruwan da ya tara wa jikinsa ke nan yake zubarwa. Yanzu da ƙafarsa yake zuwa inda ake so.

Masu cewa ba shi da kai, a 2019 masana sun ba da rahoton manyan kunkuru a gidan namun dajin Biyana da aka koya wa cizon ƙwallo a kan sanda, suka tuna bayan shekara 9. Maƙwabtanmu Yarbawa dai dariya kawai suka yi, don a tatsuniyarsu Ijapa ne mai wayo, ba Gizo ba.